Tunawa da Muhammad Abu Ali, da haƙƙin iyalan sojojin da suka kwanta dama

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A ranar Juma'a da dare, 4 ga Nuwamban 2016, mayaƙan Boko Haram suka afka wa sansanin soji a Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam da ke bakin iyakar Nijar. An fatattake su, amma a wannan daren ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya riga mu gidan gaskiya tare da wasu sojoji. Shekarunsa 36 a duniya.

Mutanen Borno ba sa buƙatar a gaya musu ko wane ne shi. Shi ke jagorantar bataliya ta 272 ta tankokin yaƙi, kuma tankokinsa ƙirar T-72 na sahun gaba lokacin da aka ƙwato Baga a watan Fabrairun 2015. A Satumban wannan shekarar, Janar Tukur Buratai, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya bi shi har Gamboru Ngala ya liƙa masa sabon muƙami a fagen daga, daga Manjo zuwa Laftanar Kanar. Banza ba ta kai zomo kasuwa: aiki ne ya sa ake ce masa Sarkin Yaƙi. An yi masa sutura a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja ranar 7 ga Nuwamban 2016. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Shi dai ƙasa ta san sunansa. Amma akwai kurata da kofurori da dama da suka faɗi a Baga da Metele da dajin Sambisa, waɗanda ba mai kukansu sai uwa da mata. Waɗannan iyalai su ne ke shan wuya wajen karɓar haƙƙi, kuma sau da yawa takarda guda ce ke jawo wahalar.

Ranar da yaro ya shiga soja a Defo na Zariya, ana ba shi fom ya rubuta wanda za a nema idan ta Allah ta kasance. Lokacin yana saurayi, sai ya sa mahaifinsa ko wansa. Shekara ta yi shekara, ya yi aure, ya haihu, bai koma ya sabunta ba. Ranar da labari ya zo, hukuma sunan da ke cikin fayil kawai ta sani. Matar na bariki da goyo, kuɗi kuwa ya nufi wani gari. Don haka duk sojan da ke jinmu, ko daga ina yake, ya je ofishin bataliyarsa ya duba fom ɗin nan bayan kowane ɗaurin aure, kowace haihuwa, kowace rasuwa.

Su kuma iyali, su adana takardar shaidar mutuwa, da wasiƙar ta'aziyya daga kwamandansa, da takardar rantsuwa ta kotu, da shaidar aure, da takardun haihuwar yara, da hotunan fasfo. A yi kwafi da yawa, kada a sallama na asali. A kuma tabbatar sunan da ke asusun banki da BVN da NIN ya yi daidai da na fayil, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya kwantar da fayil wata da watanni.

Haƙƙin ma ba ƙofa ɗaya yake fitowa ba. Garatuti na hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja, inshorar rai ta bai-ɗaya tafarkinta daban, haka ma asusun walwala na rundunar sojin ƙasa. Wanda ya karɓi ɗaya ya koma gida yana zaton shi ke nan, ya bar sauran a baya.

Kuma dangi su ji tsoron Allah. Wanda aka rubuta sunansa wakili ne, amana aka ɗora masa, dukiyar ba tasa ba ce. Ga Musulmi, gado ne da za a raba yadda shari'a ta tanada: tumuni ga mata idan akwai 'ya'ya, sudusi ga kowane ɗaya daga cikin iyaye, sauran ya bi magada. Idan an ga alamar saɓani, a je gaban alƙali tun kuɗin bai shiga asusu ba.

Rundunar soji tana kuma da tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya rasu a bakin aiki. Sai an nema a rubuce ake samu, don haka uwar marayu ta fara da bataliyar mijinta, riƙe da lambarsa ta aiki da takardun makarantar yaran.