Jawabin maraba ga babbar baƙuwarmu Zheng Haixia daga ɗalibai Hausawa da ke karatu a Sin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma.

Ranki ya daɗe babbar baƙuwarmu, Koci Zheng Haixia, sannu da zuwa, lale marhabin. Ni da sauran 'yan uwana ɗalibai muna miki barka da isowa, kuma zan yi maganar da Hausa ne tafinta ya juya miki, dan wallahi abin da ke raina ba zai fito daidai ba in na ce sai da Sinanci zan faɗe shi.

Ga waɗanda ba su santa ba, wannan baiwar Allah an haife ta a 1967 a Shangqiu, jihar Henan, tsayinta ya haura mita 2, kuma tana shekara 16 kacal ta tafi da tawagar ƙwallon kwando ta matan Sin gasar duniya a Brazil a 1983, suka dawo da tagulla. Shekara ɗaya bayan nan sai ga tagulla kuma a Olamfik na Los Angeles. Olamfik huɗu fa ta buga, 1984, 1988, 1992 da 1996, ku lissafa da kanku shekara nawa kenan mutum yana tashi da sassafe yana gudu yana tsalle da jiki irin wannan.

Amma ni inda na fi so in tsaya shi ne 1992 da 1994. A Olamfik na Basalona a 1992 kun kai wasan ƙarshe kuka ɗau azurfa, a gasar duniya a Ostireliya a 1994 kuka sake kaiwa wasan ƙarshe, Brazil ta ci, to amma duk da ba ku ne kuka ɗaga kofin ba ke aka zaɓa gwarzuwar gasar baki ɗaya, wato har waɗanda suka yi nasara sun san wace ce ta fi kowa a filin. Kuma ku duba, sai da aka yi shekara 28 kafin matan Sin su sake taka wannan matakin, a 2022, a Ostireliyar dai. Wannan ya isa ya nuna nauyin da kika ɗauka a kafaɗarki lokacin.

Sannan a 1997, kina shekara 30, lokacin da wasu ke shirin ajiye takalmi, ke kika haɗa kaya kika tafi Amurka, aka fara WNBA, gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando mata ta Amurka, kina ƙungiyar Los Angeles Sparks tare da su Lisa Leslie. Mu nan mun san zafin zuwa ƙasar da ba ka jin yarenta, abinci daban, sanyi daban, ka shiga kanti ka rasa yadda za ka ce a ba ka gishiri, shi ya sa wannan ɓangaren na tarihinki ya fi taɓa mu, ga shi kuma a shekarar farkon nan ke kika karɓi kyautar 'yar wasa mafi ladabi da kyan hali a fili. Hanyar da kika share ita 'yan wasan Sin irin su Han Xu da Li Meng suka bi daga baya. A 2021 FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta saka sunanki a jerin gwarazanta na tarihi.

Ranki ya daɗe muna da roƙo ɗaya. A cikinmu akwai 'yan mata da ke son wasan nan sosai, tun ba ma da D'Tigress, tawagar matan Najeriya, ta kai zagayen kwata fainal a Olamfik na Faris a 2024 ba, amma a gida yarinya in ta yi tsawo sai ka ga tana rankwafar da kafaɗa saboda tsokana, wasu iyayen kuma ba sa yarda ta je fili. Dan Allah in kin tashi magana ki gaya musu yadda kika fara, da abin da kika riƙa yi ranar da jiki ya ƙi.

Mun tanadar miki shayi da ɗan kilishin da aka aiko mana daga gida, ki taɓa kafin ki tafi. Jama'a a tafa mata, Koci bismillah ga makirufo.