Takardar da ke bangon asibitin haƙori: rajista ce ko lasisi?

[Hoto: bangon ɗakin jira, takardu cikin firam]

Jama'a, ana ta tambaya a Facebook: idan likitan haƙori ya rataye takardar shaidar digirinsa, ya halatta ya cire maka haƙori? Bai isa ba tukuna.

Hukumar da ke kula da likitocin haƙori a Najeriya ita ce MDCN, wadda ke kula da sauran likitoci ma. Tun 1963 aka kafa ta, hedikwatarta na Abuja. Shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta, a zaurenta kuma akwai wakilan ma'aikatun lafiya, jami'o'i da ƙungiyar likitoci ta NMA. Magatakarda ke tafiyar da ofis.

[Hoto: ɗalibai a Asibitin Malam Aminu Kano]

To, ga inda ake rikicewa. Wanda ya gama karatu, a ce a Jami'ar Bayero, rajistar wucin gadi ake fara yi masa. Sai ya yi shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya, sannan ya samu cikakkiyar rajista. Wannan sau ɗaya ake yin ta. Lasisin aiki kuwa duk shekara ake sabunta shi, kafin ƙarshen Disamba, kuma sai likita ya biya kuɗi ya nuna shaidar ƙaro ilimi. Ke nan mutum zai iya zama likita na gaskiya, da suna a rajista, amma lasisinsa ya mutu tun bara.

[Kusanto da kyamara kan shekarar]

Nan za ka duba. Shekarar da ke kan lasisin. A ganina, tambayar likita ko lasisinsa na bana ne ba rashin kunya ba ce, bakinka za a buɗe a sa allura.

Kuɗin lasisin ma ba duka hukumar ke riƙewa ba. Doka ta ce kashi 70 cikin 100 na NMA ne, 30 na hukumar, sai ta haɗa da kuɗin rajista da na jarrabawar waɗanda suka yi karatu a waje.

Mai wankin haƙori da mai ƙera haƙoran roba kowanne da tasa hukumar. Izinin buɗe asibiti mai zaman kansa a Kano kuma na PHIMA ne, hukumar jihar mai kula da asibitoci masu zaman kansu; izini ne na gini da kayan aiki.

Idan likita ya yi sakaci, MDCN ake kai wa koke a rubuce, da rantsuwa. Kwamitin bincike ya duba, in akwai hujja ya tura kotun ladabtarwa, wadda za ta iya dakatar da shi ko ta soke sunansa daga rajista.