Tokiyo a Kwana Uku: Ka Raba Garin Gida Biyu

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Wannan da kuke gani a bayana tashar Ueno ce a birnin Tokiyo. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8, saboda haka yanzu da hantsi ya ɗaga a nan, ku can kuna tsakiyar barci. Saƙonni sun taru, daga masu zuwa taro, da 'yan kasuwa masu zuwa duba motoci da kayan gyara, da ɗalibai masu wucewa wasu garuruwa, kuma tambayar ɗaya ce: "Malam, ina da kwana biyu ko uku, ina zan je?" To ku biyo ni.

Tokiyo ba ta da cibiya guda da za ka ce ka je ka gama gani. Unguwanni ne manya-manya, kowace gari guda, a jere a kan wani layin jirgin ƙasa mai zagaye da ake kira Yamanote. Ga shi can yana shigowa, mai ratsin kore. Tasha 30 gare shi, kuma kafin ya zagayo inda ya tashi sai ya ci kusan awa ɗaya. Mutum kusan miliyan 14 ne a birnin, in ka haɗa da kewaye sun kai miliyan 37. Wanda ya ce sai ya taɓa ko'ina a kwana uku, a cikin jirgi zai ƙarar da kwanakinsa, ya koma gida da ciwon ƙafa da hotunan tasha. Shawarata ka raba garin gida biyu: gabas rana ɗaya, yamma rana ɗaya, ta ukun ka bar ta ga abin da ranka ya fi so.

Masauki kuwa ka nema nan wajejen Ueno ko Asakusa. Ya fi sauƙin kuɗi a kan Shinjuku, akwai masallaci da abincin halal kusa, kuma in ta filin jirgin saman Narita ka sauka, wanda yake da nisan kusan kilomita 60, jirgin Skyliner zai kawo ka nan kai tsaye cikin minti arba'in da 'yan kai. Haneda, ɗaya filin jirgin saman, ta fi kusa da gari nesa ba kusa ba, in tikitinka ya ba ka zaɓi. Ɗakin otal ɗin kuma kada ka sa rai da fili, in ka buɗe babban akwati to sai ka tsallake shi kafin ka shiga banɗaki.

Kafin ka bar filin jirgi ka mallaki wannan katin da ke hannuna, Suica, ko ɗan uwansa Pasmo. Kuɗi kake zuba masa a na'ura, ka ɗora shi a ƙofar shiga, ka ɗora a ƙofar fita, ya cire kuɗinsa da kansa. Da shi za ka hau bas, ka sayi ruwa, ka biya a kanti. Wani zai ce maka ka sayi tikitin jirgin ƙasa na JR Pass. Kada ka saya. A watan Oktoba na 2023 na kwana bakwai ya koma yen 50,000, kuma an yi shi ne don mai zagaya ƙasar a jirgi mai gudun tsiya, ba mai yawo a cikin gari ɗaya ba.

To mun sauko ƙarƙashin ƙasa, layin Ginza, tasha uku zuwa Asakusa. Wannan ɗan tsakanin da muke bi shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a nahiyar Asiya, an buɗe shi a 1927. Zan sassauta murya, domin a cikin jirgi ba a amsa waya, ba a hira da ƙarfi. Ba wanda zai yi maka faɗa, kallo ɗaya za a yi maka ka ji kunya ta rufe ka. A matakala mai tafiya da kanta kuma ka tsaya a hagu, dama ta masu sauri ce.

Ga ƙofar Kaminarimon, da jar fitilar nan tata mai tsayin kusan mita 4. Daga nan layin shaguna ne, Nakamise, kimanin mita 250 har zuwa Senso-ji, wurin bautar mabiya Buda mafi daɗewa a Tokiyo. Labarinsu ya ce a shekara ta 628 wasu masunta biyu 'yan uwan juna suka tsamo gunki a kogin Sumida, shi ne asalin wurin. Babban ginin da kuke gani ba na wancan zamanin ba ne, bama-baman Amurka sun ƙone na asali a watan Maris na 1945, aka sake gina wannan a 1958. Shiga kyauta ne. Za ku ga mutane sun kewaye wata babbar tukunya suna jan hayaƙin turare zuwa kawunansu, wasu suna jefa tsaba suna sunkuyawa. Wannan ibadarsu ce, kai ɗan kallo ne, ba mai tilasta maka komai, kai ma kada ka tsaya kana nuna su da yatsa. Ka zo kafin ƙarfe tara. Da rana ta take, ba za ka ga komai ba sai ƙeyar na gabanka.

Waccan doguwar hasumiyar ta tsallaken kogi ita ce Skytree, mita 634, an buɗe ta a 2012. Ni dai ba na tura baƙo mai ƙaramin lokaci ya hau ta, ga tsada ga layi. Ginin nan na yi wa baƙi jagora da ke daura da Kaminarimon, ka hau bene na takwas kyauta, ka ga Nakamise a shimfiɗe, ka ga hasumiyar ma da kyau.

Yanzu maganar ciki, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne namu suke shan wahala. Naman alade da kake gani a faranti ba shi ne matsalar ba, wannan ka gan shi ka kauce. Matsalar wanda ba ya ganuwa ne. Taliyar nan tasu ta ramen, yawancin romonta da ƙashin alade ake dafa shi, ko da kaza aka ɗora a sama. Sannan akwai mirin, giyar girki ce mai zaƙi-zaƙi, tana shiga miya, tana shiga gasasshen kifi, har wasu kayan ƙwalam. Burodi da alewa ma kan zo da kitse ko sinadarin da aka samo daga alade. Saboda haka ka sa manhajar fassara a wayarka, ka haska bayan leda kafin ka biya.

Bari in nuna muku abin da ke ceton matafiyi. Mun shigo konbini, ƙananan kantunan nan da ke kowace kwana, mafi yawansu ba sa rufewa dare da rana. Wannan curin shinkafar mai kusurwa uku sunansa onigiri. Na ɗauki mai gishiri zalla, da mai kifi bayan na haska bayansa. Ku dubi ledar, akwai lamba 1, 2, 3. Ka ja ta ɗaya daga sama har ƙasa ta tsaga ledar biyu, ka zare ta biyu ta dama, ta uku ta hagu, sai baƙin ganyen tekun nan ya rungume shinkafar yana ƙamas-ƙamas, bai jiƙe ba. In ka yi gaggawa ka yage ta ko ta ina, ganyen ya bi leda, a bar ka da shinkafa tsirara a hannu. Ka haɗa da dafaffen ƙwai da ayaba, karin kumallo ya samu. A kantunan 7-Eleven kuma na'urar cirar kuɗi tana karɓar katunan ƙasashen waje, kuma ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, don har yanzu akwai ƙananan shaguna da ba sa karɓar kati. Ledar da ka yage kuwa ka cusa ta a jaka. Kwandon shara ya yi ƙaranci a titi, an kwashe da yawa bayan harin iskar guba da aka kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa a 1995, kowa da shararsa yake komawa gida.

Abincin rana mai nauyi sai mu koma Ueno, kasuwar Ameyoko da ke bin ƙarƙashin gadar jirgi. Kun ji hayaniya? A duk Tokiyo nan ne kawai nake jin kamar na shiga kasuwar Sabon Gari, masu kifi suna ƙwala kira, masu takalma suna jan hankalinka. Akwai Turkawa masu kebab da tambarin halal a manne, akwai masu kayan marmari a tsinke. Daga ƙarshen kasuwar, wajen Okachimachi, masallacin As-Salaam yana nan, tafiyar ƙafa ce kaɗan. Ba a ba ma'aikaci tukuici a gidan abinci, in ka bar canji a tebur zai biyo ka da shi a guje.

Abu biyu game da salla. Alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa, don haka kada sabo ya juya ka gabas. Alwala kuma ka yi ta tun daga masauki, domin ɗaga ƙafa a wurin wanke hannu na banɗakin jama'a abu ne da ba sa so ko kaɗan. Amma ta fuskar tsarki kun huta da neman buta, yawancin masan zamani a nan suna da maɓallin feso ruwa a gefe. Narita da Haneda duk suna da ɗakin salla. In da bazara ka zo, asuba takan yi tun wajen ƙarfe uku na dare, ka saita agogo.

To gari ya waye, yau yamma muka nufa. Na fara da nan ne da gangan: masallacin Tokyo Camii, a unguwar Yoyogi-Uehara. Musulmi Tatar da suka gudo daga Rasha bayan juyin juya halin 1917 su suka gina na farko a 1938. Da ya tsufa aka rushe shi a 1986, Turkiyya ta tsaya aka gina wannan, aka buɗe a 2000. Ku ɗaga ido ku ga ƙubbar, da rubutun ayoyi, da yadda hasken tagogi masu launi yake sauka a kan darduma. Japanawa da ba Musulmi ba suna zuwa kallo, matansu su yafa mayafi a bakin ƙofa su zauna a baya shiru. Akwai kantin halal a harabar. In zuwanka ya haɗa da Juma'a, ka sa wannan ranar ta zama ranar yamma, kuma ka zo da wuri, don sahu yakan fito har waje.

Tasha biyu daga nan a layin Chiyoda sai dajin Meiji Jingu, wurin bautar addinin gargajiyar Japan. Ba wanda zai ce maka hannu ne ya shuka shi, amma itatuwa kusan 100,000 aka tattaro kyauta daga sassan ƙasar lokacin da aka gina wurin a 1920. Ka huta a inuwarsa, don abin da ke gaba babu hutu.

Shibuya ke nan. Fitila tana ba da hannu, motoci su tsaya ta ko'ina, mutane su kwararo ta kowace kusurwa kuma ba mai bangazar wani. Ka tsallaka sau ɗaya, ka ɗauki hotonka, ka leƙa mutum-mutumin karen nan Hachiko da ya riƙa zuwa tasha jiran ubangidansa daga 1925 da mutumin ya rasu har shi ma ya mutu a 1935. Minti ashirin ya isa, mararraba ce kawai.

Kafin faɗuwar rana ka kasance a Shinjuku. Tashar tana da ƙofofin fita sama da 200, mutum fiye da miliyan uku ke ratsa ta a rana, don haka ka duba sunan ƙofarka tun kana cikin jirgi, ka bi allunan rawaya, kada ka bi taron jama'a. Ƙofar yamma za ta kai ka ginin gwamnatin birni, lifta ta ɗaga ka bene na 45, mita 202, ko sisi ba za ka biya ba. In lokacin sanyi ne kuma sama ta washe, ga dutsen Fuji can. Abincin dare tasha ɗaya ce gaba, Shin-Okubo, akwai lungun shagunan Musulmi masu nama da kayan yaji. Sai gargaɗi: a Kabukicho, gabas da tashar, za ka haɗu da masu jan mutane zuwa mashaya, har da baƙar fata da za su kira ka ɗan uwa. Ka gaisa ka wuce abinka, ana yi wa baƙi lissafin da ya fi kuɗin tikitinsu a irin wuraren.

Rana ta uku, mai son kifi ya yi sammako zuwa Tsukiji. Babbar kasuwar ta koma Toyosu a 2018, amma shagunan waje suna nan. Mai son kayan lantarki ya tafi Akihabara, sai dai ka duba kafin ka saya, wutarsu ƙarfin 100 ce, tamu 230, tukunyar dafa shinkafar da ka sha wuyar ɗaukowa tana iya ƙonewa ranar farko. Ka nemi wadda aka yi don ƙasashen waje. Bakin soket ɗinsu ma daban ne, ka taho da adafta. Gidajen tarihi da yawa suna rufe ran Litinin. Fasfo kuma doka ce ya kasance a jikinka kullum. In kana da zaɓin lokaci, ka kauce wa ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da duk ƙasar ke hutu, da Yuni mai ruwa, da Agusta mai zafi da gumi.

Kun ga mutanen nan masu kwat suna gudu? Jirage suna tsayawa ne wajen sha biyun dare zuwa ɗaya, sai kuma kusan biyar na asuba, kuma taksi daga nan zuwa Ueno zai cinye kuɗin abincin yini guda ko fiye. Nima bari in ɗaga ƙafa. Mai tambaya kan biza ko masauki ya ajiye, zan amsa a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. Sai anjima.