Lambun da Ba a Ganinsa da Kallo Ɗaya: Lacca kan Lambun Zhuozheng na Birnin Suzhou

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, an nemi in yi bayani a kan lambunan gargajiya na ƙasar Sin, sai na ga ya fi dacewa in tsaya a kan guda ɗaya wanda na taka da ƙafata, wato lambun Zhuozheng da ke birnin Suzhou a lardin Jiangsu, tafiyar kusan rabin awa daga Shanghai a jirgin ƙasa mai sauri.

Wani jami'in daular Ming mai suna Wang Xianchen ne ya fara gina shi a shekarar 1509, bayan ya bar aikin hukuma ya koma gida. Ma'anar sunan ita ce lambun mai mulki marar dabara, kuma an ɗauko shi ne daga wata tsohuwar magana ta wani mawaƙi, wadda ke nuna cewa ban ruwa ga kayan lambu da sayar da su shi ne mulkin da ya dace da marar dabara. A ganina habaici ne mutumin ya yi wa fadar da ta gajiyar da shi, ya fake da ƙasƙantar da kai.

Filin fadama ne tun asali, amma maimakon a cike shi da ƙasa, sai aka haƙa tafkuna, aka tara ƙasar da aka fitar ta zama tsibirai da ƴan tuddai. Saboda haka ruwa ne ginshiƙin wurin, kuma rumfuna da zauruka duk sun juya fuskarsu gare shi. Faɗin lambun bai wuce hekta 5 da ɗoriya ba, amma mai ziyara zai rantse ya ninka haka, domin an tsara shi ne ta yadda ido ba zai taɓa kama shi gaba ɗaya ba. Tafki yakan kewaya bayan dutse ko ya shige ƙarƙashin gada ya ɓace, sai mutum ya ɗauka ya ci gaba har inda ba a gani. Da yawa daga cikin gadojin ma ba miƙaƙƙu ba ne, a karkace suke, kuma duk kwanar da ka sha dole ka rage sauri, fuskarka ta juya, ka tarar da wani sabon abin kallo. Haka tagogin da aka huda a jikin bango suke nuna maka ɗan gora ko reshen itace a ɗaya ɓangaren, su hana ka sauran.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda Sinawa ke kira aron abin kallo. Idan ka tsaya a gabashin tafkin tsakiya ka dubi yamma, za ka hango hasumiyar wurin ibada ta Beisi tsakanin itatuwa, kamar a cikin lambun take, alhali tana can cikin gari, nesa da katangarsa. An bar wannan sarari a buɗe da gangan domin ido ya kai gare ta.

Ba ido kaɗai aka yi wa tanadi ba. Akwai zauren da ake kira Ƙamshi daga Nesa, saboda furen ruwa mai kama da bado da ke cika tafkin gabansa a watannin zafi, sannan akwai rumfar sauraron ruwan sama, wadda aka dasa ayaba a gefenta domin a ji ƙarar ɗigon ruwa a kan faffaɗan ganyenta. Mashahurin mai zane Wen Zhengming, wanda abokin mai lambun ne, ya zana wurare 31 na cikinsa a 1533, ko da yake daga baya an raba lambun an kuma sake fasalinsa sau da dama a hannun masu shi daban-daban.

A 1997 hukumar UNESCO ta sanya shi tare da wasu lambuna uku na Suzhou cikin kayan tarihin duniya, ta ƙara biyar a 2000. Wannan suna ya jawo masa cunkoso, ta yadda wurin da aka gina domin mutum ɗaya da ƴan baƙinsa yanzu rukuni-rukuni ake shigarsa, jagora na gaba riƙe da tuta. Ni da sassafe na shiga, ana buɗe ƙofa, kuma kafin hantsi gadar da na tsaya a kai ni kaɗai ta cika har ba wurin juyawa.