Kofaton doki ba tare da takalmin ƙarfe ba: hira daga karkarar Gumel

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fodkas na noma da kiwo, wanda muke ɗauka yau a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari a Jihar Jigawa. Ina tare da Baba, wanda ya tashi a barga ya kuma manyanta a cikinta, da Likita, wadda aikinta shi ne duba lafiyar dabbobi. Batunmu kofaton doki ne. A Amurka da Turai akwai masu dawaki da suka daina buga wa dabbobinsu takalmin ƙarfe, suna cewa kofato ya fi lafiya idan aka bar shi yadda Allah ya halicce shi. Baba, me kuka gani a wannan magana?

Baba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai mu nan a haka muka samu iyayenmu, domin mafi yawan dawakin karkara ba su taɓa sanin ƙusa a kofatonsu ba. Ƙasarmu jigawa ce mai rairayi, ba ta cin kofato kamar ƙasar duwatsu. Sai dai damuwata ita ce, mutane da yawa sun ɗauka tun da ba a sa takalmi, to kofato ba ya bukatar komai, kuma wannan tunanin ne yake gurgunta dawaki. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis za ka ga ingarma mai kyan ƙira, gashinsa yana sheƙi, amma da ka sunkuya sai ka tarar kofaton gaba ya yi tsawo ya baje, bakinsa duk ya tsattsage. Mai saye yakan duba haƙori da wuya da gindi, ya manta da abin da dokin yake tsaye a kansa.

Likita: Gaskiya ne, Baba, kuma su ma waɗanda suka yaɗa wannan ra'ayi a can ba su ce a yi watsi da kofato ba. Ɗaya daga cikinsu, Jaime Jackson, mai gyaran kofato ne a Amurka, ya bi dawakin daji na yankin Great Basin da ke yammacin ƙasar tsakanin 1982 da 1986, ya ga kofatonsu gajere ne mai tauri, bakinsa a zagaye. Dalili shi ne suna tafiyar kilomita masu yawa kowace rana a busasshiyar ƙasa don neman ruwa da ciyawa, ƙasar tana goge kofaton daidai gwargwadon yadda yake tsirowa. Dokinmu kuwa a ɗaure yake a turke, wani lokaci ya yi kwanaki ba a fita da shi kilisa ba. Bangon kofato yana tsirowa kamar milimita 6 zuwa 10 a wata, saboda haka abin da ƙasa ba ta cinye ba, dole hannun mutum ya rage shi, galibi duk mako 4 zuwa 6.

Mai gabatarwa: Likita, ki bayyana mana abin da yake cikin kofaton, domin wanda ya kalle shi daga waje zai zaci busasshen abu ne marar rai.

Likita: Bangon waje dai ba ya jin zafi. A ciki akwai ƙashi, kuma wasu siraran tsoka masu cike da jini ne suke manne shi da bangon. Idan ka ɗaga ƙafar ka juyo ƙarƙashinta, za ka ga tafi, a tsakiyarsa kuma akwai wani tudu mai ɗan laushi mai kusurwa uku, wanda tsininsa yake kallon gaba. Duk lokacin da doki ya taka ƙasa, bayan kofaton yakan ɗan buɗe, wannan tudun ya danne, sai ƙarfin takun ya ragu, jini kuma ya samu hanyar komawa sama. Idan bango ya yi tsawo fiye da kima, tudun ba ya taɓa ƙasa, sai ya ƙanƙance, nauyi ya koma kan jijiyoyin bayan ƙafa. An fi ganin illar a ƙafafun gaba, domin su ne suke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki.

Baba: To, yadda nake yi shi ne, nakan bari sai an yi ruwa, ko in jiƙa ƙasa dokin ya tsaya a kai na ɗan lokaci, domin kofaton rani yana dakushe wuƙa. Nakan tsaya daf da kafaɗarsa ina kallon bayansa, in shafa ƙafar daga sama zuwa ƙasa har ya miƙo ta da kansa, sannan in sa ta tsakanin gwiwoyina. Da farko sai in ƙwaƙule ƙasa da kashin da suka cushe a gefen tudun nan da tsinken ƙarfe marar kaifi. Daga nan in rage bangon da ya wuce tafi da awartaki mai kaifi, in daidaita shi da magagari, in goge bakin ya zama a zagaye don kada ya tsage idan ya bugi tsakuwa. Tafin kuwa ba na fere shi, sai ɓawon da yake ɓantarewa da kansa, domin kaurinsa shi ne kariyar doki. Na sha ganin an ɗora kofato a kan gungume an sare shi da adda a bugu ɗaya, jini ya fito, doki ya yi makonni yana ɗingishi, kuma wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai.

Mai gabatarwa: Baba, kun ambaci rani. Damina fa?

Baba: Damina ta fi haɗari, ɗana. Doki yana tsaye a cikin taɓo da fitsari da kashinsa, sai gefen tudun ya ruɓe, ya riƙa fitar da baƙin ruwa mai wari. Maganinsa na farko shara ce: a kwashe kashi safe da yamma, a ɗaga wurin turken da yashi don ruwa ya gangare, a kuma riƙa ƙwaƙule kofato kullum. Da hunturu kuma yakan bushe ya tsage kamar fason dunduniyar manomi, sai wasu su shafa masa baƙin man inji, wanda ni ban taɓa yarda da shi ba.

Likita: Kun yi daidai, Baba. Tsagewar ta fi zuwa daga tsawon bango da ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma shafa mai ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu. Maganar abinci kuwa tana da nauyi a wannan yanki, musamman gabanin sallah, lokacin da kowa yake son dokinsa ya cika ido a wajen hawa. Sai a tula masa dawa ko gero farat ɗaya, alhali cikinsa ya saba da harawa da ingirici. Hatsin da ya yi yawa yana tsami a hanjinsa, guba ta shiga jini, siraran tsokar nan da suke riƙe ƙashi su kumbura su saki. Za ka ga dokin ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa a baya, kofaton ya yi zafi, jijiyar bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. Wanda ya ga haka ya janye hatsi nan take, ya tsayar da dokin a yashi mai laushi, ya riƙa sanyaya ƙafafun da ruwa mai sanyi, ya nemi likitan dabbobi a ranar, domin idan ƙashin ya karkace, gyaransa yana da wuya. Sabon kofato yana ɗaukar wata 9 zuwa 12 kafin ya sauko daga sama har ƙasa, saboda haka ɓarnar mako ɗaya tana iya cin shekara.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro zai ce, hawan sallah a kan kwalta ake yi. Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a Kano, waɗanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya bikinsu cikin jerin al'adun duniya a 2024, da hawan da ake yi a Gumel da Haɗejia da Kazaure, duk cikin gari ne. Shin kofaton da ya saba da rairayi zai jure?

Baba: Zai jure idan an shirya shi. Tun saura wata biyu nake fara fita da doki a kan hanyar burji, kaɗan-kaɗan, ina ƙara nisa, har tafinsa ya yi tauri. Kuma ba na yanke kofato ana gobe hawa, sai da saura kamar mako biyu.

Likita: Ni ma ba na cewa takalmi haramun ne. Masu bincike a Jami'ar Queensland sun duba dawakin daji na Ostireliya, suka tarar da yawa daga cikinsu suna da ciwon kofato, wanda ya nuna rashin takalmi shi kaɗai ba ya tabbatar da lafiya. Dokin da yake aiki kullum a kwalta har kofatonsa yana cinyewa fiye da yadda yake tsirowa, yana bukatar kariya, ko takalmin ƙarfe daga hannun gwani, ko na roba wanda ake sawa lokacin aiki a cire bayansa. Bayan kowane hawa kuma a ɗaga ƙafafu huɗun a duba, domin ƙusa ko kwalba da ta huda tafi tana iya shigar da cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, kuma doki yana cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Akwai allurar rigakafinta, ya kamata mai doki ya tambayi likitan dabbobi na yankinsa.

Baba: Sannan a saba wa duƙushi da ɗaga ƙafa tun yana bin uwarsa, a riƙa riƙe ta na ɗan lokaci kowace rana, domin ingarman da bai saba ba, maza uku ma sai sun sha wuya kafin ya bari a taɓa kofatonsa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba, mun gode, Likita. A shiri na gaba za mu tattauna a kan gyambon bayan doki da yadda zaman sirdi yake jawo shi. Mu kwana lafiya.