Maganar laburaren yaranmu, a taron ƙungiya na wata-wata a Agege

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata da ke can baya, barkanmu da yamma.

Ni maganar laburare na kawo, na san wani zai ce ana fama da kuɗin haya da tsadar shinkafa wa yake ta littafi, to ku ba ni minti biyar don Allah.

Kun tuna korona ai. Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas, makarantu duk a rufe, jarrabawar WAEC ma sai watan Agusta aka yi ta. Babban yarona yana ajin ƙarshe a sakandare lokacin, laburaren da yake zuwa karatu an garƙame da kwaɗo, gida kuwa ɗaki ɗaya ne mu bakwai, waya ɗaya ce mai intanet ita ma a hannuna take saboda kasuwa. Gwamnatin jiha ta sa darasi a rediyo da talabijin, Allah ya saka, amma da an ɗauke wuta shi ke nan. Wallahi na sha ganin yaron nan a kan benci a bakin ƙofa yana juya tsohon littafin lissafi da bangonsa ya yage, shi kaɗai gare shi, har yau abin yana min ciwo.

A wasu ƙasashen sun rufe ƙofa amma aikin bai tsaya ba. A Ingila sai ka kira a waya ko ka zaɓa ta intanet, su sa maka littattafan a jaka ka zo bakin ƙofa ka ɗauka, wanda aka dawo da shi kuma a ajiye shi gefe kwana uku kafin wani ya taɓa. A Amurka laburare da yawa sun bar intanet ɗinsu a kunne, yara su zauna a waje ko cikin mota su yi aikin makaranta. Duba fa, dabarar farkon nan ba ta buƙatar wani kuɗi, rajista ce da lambar waya da mutum ɗaya mai amana.

Shi ya sa nake roƙo mu sa kanta ɗaya a ofishin ƙungiya, kowa ya kawo littattafan da yaransa suka gama da su, na boko da na islamiyya har da na Hausa, don yaranmu haifaffun Ikko da yawa Yarbanci ya fi zama a bakinsu. A riƙa ba da aro sati biyu, sanarwa a gurup ɗinmu na WhatsApp, ko gobe an sake kulle gari ta taga ma za a miƙa. Sannan wanda ke kusa da Yaba ya kai yaransa laburaren Herbert Macaulay a yi musu rajista, na gwamnati ne, mu ma namu ne.

Ni na zo da guda goma sha biyu suna cikin Ghana-must-go ɗin can, kuma zan zauna da rajistar duk Asabar bayan la'asar. Malam sakatare, a zagaya da takarda, mai kawowa ya rubuta sunansa kafin a yi addu'a.