Fitsarin Ɓera Da Ciwon Ƙoda

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana, na baya kuna jina ko? To madalla.

Cutar nan sunanta leptosifirosis, ƙwayar bakteriya ce da take zama cikin ƙodar ɓera, shi ɓeran lafiyarsa ƙalau yana ta zubar da ita a fitsari cikin ruwa da taɓo, kare da shanu ma suna ɗauke da ita. Kai kuma ka shiga ruwan ambaliya ko fadamar shinkafa ko kana yasar kwata ba takalmi ga faso a ƙafa, shikenan ta samu hanya. Mahauta ma su kula.

Bayan sati ɗaya zuwa biyu sai zazzaɓi, ciwon kai, sha-raɓa ta riƙe kamar an maka maka sanda, ido yayi jawur amma ba kwantsa, kowa yace maleriya ce ko taifod. Kusan 9 cikin 10 da sauƙi take zuwa musu. Mai tsananin ita ce wani likitan Jamus Adolf Weil ya bayyana tun 1886, shawara, zubar jini, ƙoda ta gaza.

To anan nake so ku buɗe kunne. Mun saba ji ana cewa in ƙoda ta lalace fitsari ɗaukewa yake, wannan kuwa ba lallai ba, ƙwayar tana kama ƙananan bututun ƙoda masu maida ruwa da gishiri cikin jini, sai fitsari yaita zuba wani lokacin ma fiye da da, sinadarin fotasiyam na tafiya da shi, jiki ya saki, 'yan gida suna cewa ai Alhamdulillahi yana fitsari, alhali datti na taruwa a jini. Ga amai, ga rashin shan ruwa, sannan an je kemis an sayo diclofenac saboda ciwon jiki, wallahi wannan maganin ƙara wa ƙodar wahala yake. Ranar da fitsarin ya ɗauke abu yayi nisa.

In anje asibiti da wuri akwai magani, doxycycline, ko allurar penisilin ko ceftriaxone, a ƙara ruwa, a auna kiriyatinin a jini, wato sinadarin da ke nuna yadda ƙoda take aiki. Amma ku gaya wa likita da bakinku cewa kun shiga ruwa, ba kowane zai tambaya ba. In ta kai ga wankin ƙoda kar a tsaya jan ƙafa don tsoron wai har abada ne, a wannan cutar yawanci na ɗan lokaci ne, ƙodar tana farfaɗowa cikin 'yan makonni.